'Yar Hazrat da Malamin Baƙin Allo

"Tsaya daga nan, Hisam. Ka ƙara taku ɗaya in sheƙa maka ruwan nan, ka kuma san zan iya."

Hisam ya ja ya tsaya. Maftuha tana bakin rijiyar unguwa, sandar dakon ruwa a kafaɗarta, bokiti biyu cike suna lilo. Sanyi ya sa kumatunta sun yi ja. Matan da suka zo ɗibar ruwa suka sunkuyar da kai kamar igiyar guga ce kaɗai damuwarsu, kunnuwansu kuwa a buɗe.

"Maftuha, ki saurare ni..."

"Na saurare ka. Duk ƙauyen Akkul ya saurare ka jiya. Har kurame sun ji."

"Gaskiya na faɗa."

"A gaban sahu? Mutumin da ya kama hannunka ya koya maka alif, shi ka miƙe ranar Juma'a ka ce wai yaro yakan yi shekara goma a gabansa ya fita bai iya rubuta sunan uwarsa ba?"

"To ƙarya ne?"

"Ko gaskiya ce, gidanmu ba shi da ƙofa? Ba ka san hanyar ɗakinsa ba? Ba a nan ka sha shayi har ka girma ba?"

Maftuha 'yar Hazrat Sabirjan ce, limamin Akkul kuma mai makarantar da ke jikin masallaci, kamar yadda ubansa da kakansa suka kasance. Hisam kuwa ɗan Biktimer mai kiwon zuma ne. Tun yana ƙarami Hazrat ya ga kaifin kansa ya jawo shi jiki, har ya fifita shi a kan ɗan cikinsa Nurgali, bai kuma taɓa ɓoye hakan ba. Shi ya tura shi birnin Kazan neman ilimi, shi kuma da bakinsa ya ce masa, "In ka dawo, Maftuha taka ce." Ta jira. Sa'o'inta suka yi aure suka haihu, manema suka gaji suka koma, ita tana ɗakin baya tana taya mahaifiyarta koyar da 'yan mata.

Da Hisam ya dawo, sai ya dawo da baƙin allo da alli, da taswirar duniya a naɗe, da wata magana da ta cika masa baki. Wai Musulmi sun yi barci har aka ɗaure su. Wai daga nan har ƙasar Hindu da wuya ka sami garin Musulmi da baƙo bai ɗora wa ƙafa ba, kuma laifin ba na baƙon ba ne shi kaɗai. A koya wa yaro karatu da harshen uwarsa, ya san ma'anar abin da yake faɗa a salla, ya iya lissafi, ya iya harshen Rasha, don kada a riƙa cinikinsa yana tsaye yana murmushi. 'Yan mata ma haka.

"Na je ɗakin nasa," in ji Hisam. "Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Cewa yake in sha shayi in bar maganar yara. Ruhina, ke kin fi kowa sanin..."

"Kada ka ƙara kirana haka. Ruhinka yana jikin allonka." Ta gyara sandar a kafaɗa. "Da safen nan Baba ya sa an mayar wa mahaifinka da mayafi da takalman da kuka kawo. An fasa. Ka ji daɗi?"

Fuskarsa ta canja.

"Ke kuma me kika ce?"

"An tambaye ni ne? Kai ka tambaye ni kafin ka miƙe a masallaci? Da kai da shi duk jirgi ɗaya ya kwaso ku. Kowa yana ceton al'umma, ni kuma ina dakon ruwa. Ba ni hanya."

Ta wuce shi, ruwa yana fallatsa a kan dusar ƙanƙara. Sai da ta sha kwanar shingen gidansu ta bari hawayen suka zubo, ta kuma goge su tas kafin ta tura ƙofa.

A ciki samowar, tukunyar dafa shayi, tana huci a kan tebur. Mahaifiyarta Bibinur, wadda ake kira Abistai kamar kowace matar liman, tana zuba shayi. Hazrat yana zaune a mazauninsa kusa da murhu, carbi a hannu, gemunsa yana motsi shi kaɗai. Nurgali na gefe yana lasar zuma a cokali.

"An ce an gan ki a rijiya da malamin 'yan Rasha," in ji Nurgali. "Ko darasin taswira yake ba ki?"

"Yaya, da ka ba karatu rabin lokacin da kake ba gulma, da Baba bai je neman ɗan wani ba."

Cokalin ya tsaya a bakinsa. Abistai ta ce, "Maftuha," a hankali, amma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Hazrat ya ɗaga kai. "Zauna."

"A tsaye ma ina ji, Baba."

"Na ce ki zauna." Ta zauna. "Kin san me ya sa har yau ake kiran salla a Akkul? A zamanin kakan kakana an rushe masallatan yankin nan, an kora mutane kogi an tsoma su wai sun bar addini. Me ya riƙe mu? Taswira? Wannan karatun da yake rainawa, shi ya riƙe mu. Baki da baki, uba ya ba ɗa, a ɗaki mai duhu, ba allo ba alli. Yau ya ce a koyi harshensu, gobe a sa hularsu, jibi fa? Na ga ƙauyukan da suka fara da harshe. Je ki nemi masallatansu."

"Baba, ai ba cewa ya yi a bar salla ba. Cewa ya yi a san ma'anarta."

"Au, har kin zama lauyarsa?"

"Yanzu na gama wanke shi tas a rijiya saboda kai. Amma kai ma ka yi mini ba daidai ba. Shi ya yi laifi, ni ka hukunta. Shekarun da na yi ina jira fa? Wa zai mayar mini da su kamar yadda ka mayar da mayafi?"

Hazrat ya buga carbin a tebur har kofuna suka yi ƙara.

"Muddin ina numfashi, mai baƙin allo ba zai shiga zuri'ata ba. Magana ta ƙare."

Ta miƙe ta shige ɗakin baya. Ranar 'yan matan da ke karatu sun sha tsawa ba su san laifinsu ba.

Hunturu ya yi nisa. Hisam ya share rumfar da mahaifinsa ke ajiye amya, ya jera benci, ya rataye allonsa. Da fari yara kaɗan suka je, 'ya'yan waɗanda ba su da abin asara. Kafin azumi ya zo, waɗannan yaran suna karanta duk abin da aka rubuta musu. Sai iyaye suka fara zare 'ya'yansu daga makarantar Hazrat ɗaya bayan ɗaya, suna kauce wa idonsa a masallaci. Ƙauye ya rabu biyu. An daina gaisawa a kan hanya, an fasa wani biki, wasu 'yan'uwa biyu sun raba katangar gida.

Maftuha ba ta ƙara yi wa Hisam magana ba. In ta hango shi sai ta canja hanya. Amma wata rana a gidan suna, ƙanwarsa Zulhiya, wadda ta yi shekaru a ɗakin baya tana fama da haɗa baƙi, ta ɗauki jarida ta karanta wa mata labarin yaƙi tiryan-tiryan. Mata suka riƙe baki. Maftuha ta ji haushin Hisam don ya yi gaskiya, ta ji haushin mahaifinta don ya ƙi gani, ta ji haushin kanta don har yanzu in an ambaci sunansa gabanta faɗuwa yake.

Nurgali kuwa ya daina tsokana. Ya yi shiru irin wanda ba a so. Shi ke jiran gadon limanci da makaranta, ga shi yana kallon makarantar tana zubewa kamar gishiri a ruwa. Ya fara yawan zuwa birni, wai sayen ganyen shayi.

Da hantsi suka zo, wata Talata. Ƙararrawar dawakai aka fara ji, sai ga kekunan sulɓi masu zamewa a kan ƙanƙara cike da 'yan sandan gwamnati, da wani hafsa mai jan gashin baki, da tafinta a bayansa. Suka zarce rumfar Biktimer. Suka kori yara, suka fasa benci da allo, suka yage taswira daga bango. Aka fito da Hisam hannuwansa a ɗaure, alli har yanzu a yatsunsa. Tafinta ya karanta wa jama'a laifinsa: wai yana zuga Musulmi su bijire wa Sarkin Rasha su bi Sarkin Istanbul.

Maftuha tana cikin mata a bakin shinge. Ba ta san lokacin da ta kutsa gaba ba.

"Ƙarya ne. Lissafi yake koya musu. Har harshenku yake koya musu, ku tambaye su mana."

Wani ɗan sanda ya tare ta da gindin bindiga. Hisam ya juyo.

"Koma baya, Maftuha. Don Allah koma."

"Ka yi mini shiru, ba da kai nake ba."

Sai hafsan ya nuna masallaci da bulalarsa. Jama'a suka ɗauka wucewa zai yi, amma ina. Da takalmansa ya shiga, dusar ƙanƙara da kashin doki suna zuba a kan shimfiɗu, mutanensa na biye. Suka faɗa makarantar Hazrat, suka fara kwashe littattafai daga kanta suna cusawa a buhuna, har da waɗanda kakansa ya rubuta da hannunsa, masu bangon fata, waɗanda ko Nurgali ba a bari ya taɓa sai da alwala.

Hazrat ya fito ba rawani, ya tare tafinta.

"Ka gaya masa kuskure yake. Waɗannan na kakana ne. Ni ba na tare da yaron can, kowa ya sani, ni ne ma babban mai adawa da shi."

Tafinta ya faɗa. Hafsan ya yi dariya ya amsa a taƙaice.

"Ya ce shi bai san tsoho da sabo ba, Hazrat," in ji tafinta. "Ya ce duk rubutun tsutsa ɗaya ne, ku ma duk ɗaya ne."

Aka jefa buhunan a keke, aka jefa Hisam a kansu. Har hafsan ya ɗora ƙafa zai hau, sai ya hango Nurgali yana raɓe a jikin ƙofar masallaci. Ya koma, ya dafa kafaɗarsa a gaban kowa, ya kira sunansa daidai ba gargada, ya yi masa godiya. Wannan kam ba wanda ya nemi tafinta.

Ƙararrawar dawakai ta yi nisa. Ba wanda ya motsa.

A gida Hazrat bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba Maftuha tsoro ke nan. Ya zauna, kansa ba rawani har yanzu, ya dubi ɗansa.

"Kai ne?"

"Baba, cewa suka yi makarantarsa kawai za su rufe. Wallahi ban san za su..."

"Kai ne?"

"Don kai na yi. Don gidan nan. Yana kashe mu kana kallo."

"Ni na ce hanyarsa ɓata ce, gobe ma zan faɗa. Amma faɗan gida ne, tsakanin malami da ɗalibinsa. Kai kuma ka je ka kira kura ta raba faɗan tumaki."

Nan Nurgali ya fashe. "Tun ina yaro Hisam, Hisam. Hisam ya haddace, Hisam ya gane, ka dubi Hisam. Ni ne ɗanka, Baba. Ni ka haifa. Ka taɓa duba na sau ɗaya ka ce madalla?"

Hazrat ya runtse ido. Maganar ta same shi, kowa ya gani. Amma Maftuha ba ta da sauran wurin tausayi a ranar.

"Shi ya sa ka sayar da shi? Da ka tare shi a hanya ka fasa masa baki, da na ce namiji ne yayana. Ka san inda suke kai mutane? Ka san Zulhiya tana can ta suma? Ka kalli shimfiɗun masallaci?"

"Ke kika ce Baba ya je neman ɗan wani..."

"Na faɗa, kuma yau ka nuna dalili."

"Ya isa," in ji Hazrat. Ya buɗe ido. "Nurgali, ɗana ne kai, ba zan kore ka daga gida ba. Abin da ka faɗa a kaina kuma zan amsa shi a gaban Allah. Amma ba za ka taɓa tsayawa a gaban sahu a Akkul ba, ko ina raye ko na mutu. Bibinur, miƙo mini rawanina da babbar rigar sanyi. Birni za ni."

Ya tafi. Tsoho da bai taɓa taka ofishin gwamnati da ƙafarsa ba ya yi kwanaki yana zama a kan benci a baranda, ana wuce shi kamar kayan wanki. Da aka ga dama aka shigar da shi, ya rantse cewa yaron ba ruwansa da wani sarki, mai taurin kai ne kawai. Aka rubuta, aka ce ya tafi. Littattafansa kuma aka ce ana bincike. Ya dawo da tari a ƙirji, ya ƙara tsufa.

Hukunci ya iso gab da narkewar ƙanƙara. Ba kotu, ba shari'a. Za a kai Hisam can arewa mai nisa, wani gari a bakin daji inda ba masallaci ba Musulmi, ya zauna shekaru ƙarƙashin idon 'yan sanda. Da kogi ya buɗe, jirgin farko zai tafi da shi.

Biktimer ne ya kawo labarin, ya faɗe shi a tsaye a bakin ƙofa yana murza hularsa. Ya ƙara da cewa an ce wanda yake da mata, ana barin ta bi shi in ta so. Ya faɗi wannan yana kallon ƙasa, ya juya ya tafi.

Maftuha ta ajiye kwanon da take wankewa, ta goge hannu, ta je ta tsaya a gaban mahaifinta.

"Baba, ka ɗaura mana aure. Zan bi shi."

"Kin haukace."

"Wataƙila. Ka ɗaura."

"Ƙasar da rana ba ta fitowa rabin shekara? Cikin mutanen da ba su san alƙibla ba? Ki haihu a can, wa zai yi wa ɗan huɗuba? Ki mutu a can, wa zai wanke ki?"

"Shi kuma in ya mutu wa zai wanke shi? Daga gidan nan aka tura shi can, Baba. Daga teburin nan."

"Na yi abin da zan iya. Na zubar da girmana a barandarsu saboda shi. Amma na rantse mai baƙin allo ba zai shiga zuri'ata ba."

"Sun fasa allon ai. Ka huta."

"Maftuha."

"Ka ce mini in jira, na jira. Ka ce an fasa, na haɗiye. Ban taɓa tsallake maganarka ba, yau ma ba zan tsallake ba. In ka ce a'a zan zauna. Zan zuba maka shayi, in wanke maka riga, in tsufa a ɗakin baya. Amma ka sani duk ranar da ka ɗaga ido ka kalle ni, wannan fuskar za ka gani."

Hazrat ya miƙe da nufin yin tsawa, tari ya sarƙe shi. Abistai Bibinur ta miƙa masa ruwa, ta jira ya lafa. Matar da Maftuha ba ta taɓa jin ta musa wa mijinta ba ta zauna a gabansa ta naɗe hannu.

"Hazrat, rantsuwa biyu ka yi. Ta farko ka yi ta cikin hankalinka, ka ce wa yaron in ya dawo Maftuha tasa ce. Ta biyu ka yi ta cikin fushi, ka kusa fasa mini kofuna. Kai ne malami. Wacce ake cikawa, wacce ake yi wa kaffara?"

"Ke ma?"

"Ni ma. Ni zan rasa ta fiye da kai, ni na san zafin haihuwarta. Ɗa ɗaya ya lalace mana a cikin gidan nan muna kallo. Ba zan zauna in ga ta biyu ta bushe ba."

Hazrat ya miƙe. Ya ɗauki sandarsa ya fita masallaci, bai dawo ba sai bayan la'asar. Da ya shigo bai kalli kowa ba, ya ce wa bango, "A haɗa mata kayan sanyi masu kauri. Ba irin na nan ba."

Ranar da jirgi ya zo, bakin kogi ya cika da laka da mutane. Guntayen ƙanƙara suna ta wucewa a kan ruwa. An tsugunar da fursunoni a gefe guda, soja na gadinsu. Biktimer ya yi ta roƙon babbansu, da tulun zuma a hammata, har ya yarda a matso da Hisam bakin igiyar da aka kewaye su da ita na ɗan lokaci.

Hisam ya rame, an aske masa kai. Da ya ga Hazrat sai ya sunkuya. Da ya ga Maftuha da ƙunshin kaya a bayanta, sai ya gane, ya girgiza kai da ƙarfi.

"A'a. Ban yarda ba. Hazrat, kada ka bar ta. Ba ku san wurin nan ba."

"Kai ka san shi?" in ji Maftuha.

"Maftuha, ba zan ja ki cikin wannan ba. Ki zauna, ki auri wanda..."

"Ka ƙarasa. Ka ƙarasa in tura ka kogin nan da sarƙarka. Ka yanke hukunci a masallaci ba ka tambaye ni ba, yanzu ma za ka sake? Ba shawararka na zo nema ba."

Wani fursuna da bai ji yaren ba ya tuntsire da dariya. Hisam ya dube ta, idonsa ya cika.

"Na ɗauka kin tsane ni."

"Ban huce ba, kada ka yi zaton na huce. Ina da maganar da za ta kai mu har can arewa ba ta ƙare ba."

"Sanyin idona..." Muryarsa ta karye. Wannan karon ba ta hana shi ba.

Ya juya ga tsohon. "Hazrat, abin da na faɗa ranar Juma'ar nan, har yanzu ina kansa. Amma wurin da na faɗe shi da yadda na faɗe shi, ban kyauta ba. Ka yafe mini."

"Ji shi. Ko a sarƙa sai ya yi gardama." Hazrat ya share ido da bakin rawani, kamar iska ce ta dame shi. "Ni ma ina kan tawa. Za ka raba yara da kakanninsu, kana ganin gyara kake. In ka dawo za mu ƙarasa, a ɗakina, ba a gaban sahu ba. Biktimer, me ɗanka ya tanada na sadaki? Ko alli zai ba ta?"

"Amyata mafi albarka, Hazrat, wadda ke ƙarƙashin itacen tuffa. Da ƙudajenta da zumarta."

"Ƙudan zuma kuma? To ai sun dace da ita. Shaidu, ku matso."

A nan cikin laka, jirgi yana busa, soja yana buga ƙafa don gajiya, Hazrat Sabirjan ya ɗaura auren 'yarsa da mutumin da ya rantse ba zai shiga zuri'arsa ba. Muryarsa ba ta yi rawa ba sai a wurin addu'a. Mutanen Akkul da suka rako su, masu tsohon karatu da masu sabo, waɗanda suka yi watanni ba su gaisa ba, suka ɗaga hannu tare suka shafa.

Abistai ta rungume ta, ta cusa mata ƙullin busasshen nama da ganyen shayi. Maftuha ta durƙusa a gaban mahaifinta ta kama hannunsa.

"Baba, na yi maka tsiwa da yawa."

"Kin yi. A wurina kika gada, ba zan kai ƙara ba." Ya ɗora tafinsa a kanta, ya daɗe bai ɗauke ba. "Can ba liman, ba ladan. Ku biyu ne jam'i. Kada ku kwana da fushi har ku rasa mai ja wa wani salla. Tashi, za su tafi su bar ki."

Ta hau. Aka janye katako, jirgi ya fara ja da baya. An tura fursunoni ƙasan jirgi, ita tana sama a jikin ƙarfe cikin matan da ke bin mazajensu. Jama'a suka fara watsewa, Zulhiya ta ja mahaifiyar Maftuha gefe. Shi kaɗai ya rage a bakin ruwa, tsoho da farin rawani, dogare da sanda, laka har idon sawu. Bai ɗaga hannu ba, ba halinsa ba ne. Tsayawa kawai ya yi.

Ta kafa masa ido har kogi ya yi kwana. Ganin da ta yi masa na ƙarshe ke nan, tarin nan bai bar shi ya ga wani hunturun ba. Amma a ranar ba ta sani ba. Ta share fuska da gefen mayafi, ta ɗauki ƙunshinta, ta gangara neman sojan da zai bari ta miƙa wa mijinta abinci.